"Than I" ko "than me": yadda ake zaɓen wakilin suna a jimlar kwatanci ta Turanci

Duk ɗalibin da ya taɓa shirin rubuta jarrabawar Turanci ta WAEC ko NECO ko JAMB, da wuya a ce bai ci karo da irin wannan tambaya ba: "My brother is taller than ____", sannan a jera masa "I" da "me" da "myself" da "mine", a ce ya zaɓi ɗaya. Kunnensa zai ce masa "me", domin ita yake ji a rediyo da finafinai da bakin Turawan kansu. Malaminsa kuwa ya riga ya ce masa "I" ce daidai. A nan ne ɗalibi mai ƙoƙari kan yi asarar maki, alhali kiredit a Turanci sharaɗi ne na shiga jami'a a Nijeriya.

Batun bai tsaya a zauren jarrabawa ba. Akwai jimlolin da sauya wannan 'yar ƙaramar kalma ke juya ma'anarsu gaba ɗaya, har ɗan jarida ko magatakarda ko lauya ya rubuta abin da bai yi nufi ba.

Kalmomi shida ne kawai ke da wannan matsala

A Turancin yau, suna ba ya sauya siffa saboda matsayinsa a jimla. "Musa" yana nan a "Musa", ko shi ya yi aiki ko a kansa aikin ya faɗa. Wakilin suna ne kaɗai ya rage da siffa biyu, kuma a cikinsa ma kalmomi shida ne: "I" da "me", "he" da "him", "she" da "her", "we" da "us", "they" da "them", sai "who" da "whom". Ta farko a kowane biyu siffar aikau ce, wato mai yin aiki. Ta biyu siffar karɓau ce, wato wanda aiki ya faɗa wa, kuma ita ce ke bin kalmomi irin su "to" da "for" da "with". Wanda ya yi karatun nahawun Larabci zai gane bambancin nan take, domin ya yi kama da na fa'ili da maf'uli.

A tsohon Turanci, wanda aka yi magana da shi a Ingila shekara dubu da suka wuce, suna da sifa duk suna sauya ƙarshensu gwargwadon aikinsu a jimla. Sannu a hankali waɗannan ɗafe-ɗafe suka zube. Hatta "you" a da siffar karɓau ce kawai, abokiyarta ta aikau ita ce "ye", daga baya "you" ta haɗe ayyukan biyu. Shi ya sa ba a taɓa gardama a kan "taller than you". Abin da ya rage na tsohon tsarin shi ne waɗannan kalmomi shida.

Abin da Bahaushe ya taho da shi daga gida

Hausa tana yin kwatanci ne da aikatau. Mukan ce "Audu ya fi ni tsawo", "Binta ta fi shi wayo", "ba su kai mu yawa ba". Kalmomin "fi" da "kai" aikatau ne, don haka wakilin sunan da ya biyo bayansu karɓau ne, babu wata tantama. Haka abin yake a Yarbanci da Ibo, haka kuma a Turancin Buroka, inda ake cewa "e tall pass me". A Larabci ma "akbaru minni" ake cewa, wato harafin jarri ne ke jan wakilin sunan. Saboda haka ɗan Nijeriya, daga kowanne cikin waɗannan harsuna ya fito, harshensa na farko zai tura shi ne zuwa "than me". Bafaranshe ma haka: "plus grand que moi". Bajamushe ne ke amfani da siffar aikau a wannan gurbi, ya ce "größer als ich".

Turanci bai bi hanyar aikatau ba. Yana ƙara wa sifa "-er" ko ya sa mata "more" a gaba, sannan ya kawo "than". In kuma daidaito ake nufi sai a yi amfani da "as … as". Dukkan rigimar tana kan tambaya ɗaya: wace irin kalma ce "than"? Idan mahaɗi ce mai haɗa jimla da jimla, abin da malaman Turanci ke kira "conjunction", to abin da ya biyo ta guntuwar jimla ce da aka yanke wa wutsiya. Idan kuwa 'yar'uwar "to" da "with" ce, wato "preposition", to wakilin sunan da ya biyo ta dole ya zama karɓau.

Ƙa'idar makaranta: ƙarasa jimlar a zuci

Ƙa'idar da ake koyarwa a makarantu ta ɗauki "than" da "as" a matsayin mahaɗi. Dabararta mai sauƙi ce: mutum ya maido da kalmomin da aka yanke, sai siffar da ta dace ta fito da kanta.

A "She is older than ____", cikakkiyar jimlar ita ce "She is older than I am". Ba wanda zai ce "than me am". Don haka amsar ita ce "I". Haka "They arrived earlier than we", domin abin da aka yanke shi ne "did". Haka "Nobody works harder than she", domin cikonta "does" ne. A "He runs as fast as they", cikon shi ne "do".

Kuskuren da ɗalibai da yawa ke yi shi ne su haddace cewa bayan "than" kullum "I" ce ko "he". Ba haka ƙa'idar ta ce ba. Cewa ta yi a duba aikin da kalmar ke yi a jimlar da aka taƙaita. A "The news shocked my father more than me", cikakkiyar maganar ita ce "more than it shocked me", don haka "me" ce daidai ko a wurin malami mafi tsauri. A "The company paid him more than her", ana nufin "more than it paid her". Wanda ya sa "I" ko "she" a waɗannan wurare don ya burge, ya yi kuskure, kuma ya sauya ma'anar.

Idan mutum biyu aka haɗa, a cire ɗaya a gwada. "Aisha scored higher than Musa and ____" tana zama "higher than I did", saboda haka a tsarin makaranta "Musa and I" ake so. Irin wannan gwaji ne ke fallasa "between you and I", wadda ta yaɗu a bakin masu tsoron "me". Kalmar "between" tana jan karɓau, daidai shi ne "between you and me".

Inda ma'ana ke juyawa

Wannan ne ɓangaren da ya fi muhimmanci ga mai rubutu. A duba jimloli biyu:

"The chairman trusts the secretary more than I."

"The chairman trusts the secretary more than me."

Ta farko tana nufin shugaban ya fi ni amincewa da sakataren: ni da shugaban ne ake kwatantawa, kuma ni ina da ɗan shakku a kan sakataren. Ta biyu tana nufin amincewar da shugaban ya yi wa sakataren ta fi wadda ya yi mini: ni da sakataren ne ake kwatantawa, kuma ni ne aka mayar baya. A takardar koke ko a shaidar da aka rubuta don kotu, waɗannan zarge-zarge ne guda biyu daban.

Hausa ma tana da wannan harshen damo. "Musa yana son Binta fiye da ni" tana iya ɗaukar ma'ana biyu, kuma in muna son mu fita daga shakka sai mu ce "fiye da yadda nake son ta" ko "fiye da yadda yake so na". Maganin a Turanci shi ne wannan ɗin: a ƙarasa jimlar. "More than I do" ko "more than he trusts me".

A nan akwai abin lura. Bambancin "than I" da "than me" yana aiki ne kawai idan mai rubutu da mai karatu duka suna bin ƙa'idar makaranta. Tunda mafi yawan masu magana da Turanci suna cewa "than me" a ma'anonin biyu, wanda ya karanta jimla ta biyu ba shi da tabbacin abin da aka nufa. Sannan idan suna ne ko "you" ya zo a gurbin, siffar kalma ba ta taimaka ko kaɗan. Kanun labari mai cewa "Governor consults traditional rulers more than his deputy" bai bayyana ko gwamnan ya fi mataimakinsa tuntuɓar sarakuna ba ne, ko kuwa ya fi tuntuɓar sarakunan a kan mataimakin nasa. Ma'ana ta farko yabo ce, ta biyu labarin ɓaraka ne a gidan gwamnati. Ƙarin kalma ɗaya, "does", a ƙarshe ta isa ta tabbatar da ma'anar farko. Mai fassara labari daga Turanci zuwa Hausa ya fi kowa sanin wahalar irin wannan jimla, domin dole ya zaɓi ɗaya daga cikin ma'anonin biyu kafin ya iya rubuta komai.

Gardama ce mai shekara fiye da 250

Ƙa'idar makaranta tana da uba. A 1762 wani malamin coci a Ingila, Robert Lowth, wanda daga baya ya zama Bishop na Landan, ya wallafa ɗan littafin nahawu mai suna A Short Introduction to English Grammar. A ciki ya tsaya a kan cewa "than" mahaɗi ce, kuma aikatau ɗin da aka ɓoye shi ke yanke hukunci a kan siffar wakilin sunan. Ya ma kawo jimlolin fitattun marubuta ya nuna inda a ganinsa suka kauce.

Wani ɗan zamaninsa, Joseph Priestley, wanda duniya ta fi sani da binciken iskar oksijin, shi ma ya rubuta littafin nahawu, ya fara fitowa a 1761. A bugun da ya faɗaɗa daga baya ya saɓa wa Lowth. A ganinsa "than me" Turanci ne na asali, kuma masu ƙin ta suna auna Turanci ne da mudun Latin. Akwai gaskiya a wannan zargi, domin a Latin kalmar "quam", wadda ke aikin "than", tana barin abin da ya biyo ta ya ɗauki siffar abin da ake kwatanta shi da shi, kuma malaman wancan zamani da Latin aka raine su.

Ra'ayin Lowth ne ya yi rinjaye a ajujuwa, musamman bayan Lindley Murray, haifaffen Amurka da ya zauna a Ingila, ya ɗauke shi ya sa a littafinsa na nahawu na 1795. An sake buga littafin Murray sau da yawa, ya zama abin koyarwa a Ingila da Amurka, kuma littattafan makaranta da suka biyo baya suka gaji ƙa'idar. Ta wannan hanya ta iso makarantun ƙasashen da Ingila ta yi wa mulkin mallaka, har da Nijeriya.

Sai dai shi kansa Lowth ya bar wata ƙofa a buɗe. Ya yarda da "than whom", wadda John Milton ya yi amfani da ita a Paradise Lost na 1667. Ba wanda ke cewa "than who" a irin wannan gini, ko da kuwa ƙa'idar ƙarasa jimla ita take nema. To, in "than" tana iya jan "whom", wadda siffar karɓau ce, me zai hana ta jan "him"? Masu suka sun daɗe suna yin wannan tambaya, kuma har yau ba a ba su gamsasshiyar amsa ba.

Suna da wasu hujjojin. Ana cewa "No one can be taller than himself", kuma babu yadda za a ƙarasa ta da "himself is". Ana tambaya "Who is she taller than?", a bar "than" a ƙarshen jimla, abin da kalmomi irin su "to" da "with" ke yi amma mahaɗi ba ya yi. Ana cewa "more than ten" ba tare da wata ɓoyayyiyar jimla ba. Idan "all" ko "both" ta biyo baya, kusan kowa siffar karɓau yake sawa, "wiser than us all", kuma irin wannan gini yana cikin fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611. Babban littafin nahawun nan na Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum, The Cambridge Grammar of the English Language, wanda ya fito a 2002, ya sa "than" a sahun "preposition", ya kuma ɗauki bambancin "than I" da "than me" a matsayin bambancin salo: ta farko ta magana mai tsauri, ta biyu ta yau da kullum. Manyan ƙamusoshin Turanci na yanzu su ma sun amince da ayyukan biyu.

Gaskiyar magana, hujjar masu "than me" ta fi ƙarfi ta fuskar yadda harshen ke aiki. Amma ɗalibi ba da masana nahawu yake mu'amala ba, da mai duba takardarsa yake yi.

To, wacce za a rubuta?

A jarrabawa, idan an ba da zaɓi tsakanin "I" da "me" a jimla irin "He is taller than ____", abin da ya fi aminci shi ne a bi ƙa'idar makaranta a zaɓi "I", bayan an gwada ƙarasa jimlar an tabbatar aikau ake bukata. Idan "I am" tana cikin zaɓin, ita ce ba ta da abokin gardama.

A rubutun aiki, kamar wasiƙar neman aiki ko rahoto ko labarin jarida, hanya mafi kyau ita ce a rubuta aikatau ɗin a fili: "than I am", "than she does", "as we did". "She is more experienced than I" daidai ce, amma a kunnen Baturen yau tana da taurin tsohon yayi. "Than me" kuma tana iya sa wani mai karatu ya ɗaga gira. "Than I am" ta tsira daga duka biyun, kuma kuɗinta kalma ɗaya ce tak.

A hira da saƙon waya, "than me" da "as him" su ne na kowa da kowa a Landan da New York da Legas, kuma babu dalilin gyara wa mutum su. Idan ɗan jarida yana kawo maganar wani kai tsaye, ya bar ta yadda aka faɗe ta.

Abin da za a guje wa shi ne fakewa da "myself". Wasu in sun rasa ta cewa tsakanin "I" da "me" sai su rubuta "He is older than myself", suna ganin ta fi ladabi. Muhallin "myself" shi ne inda aiki ya komo kan mai yin sa, kamar "I blame no one more than myself".

Wasu ramuka da ke kusa

"Like" da "as" ba ɗaya suke ba. "Like" tana jan karɓau kai tsaye: "He speaks like me", "a teacher like her". Babu mahallin "like I" sai in jimla ce ta biyo baya, kuma a rubutu mai tsauri "as I do" aka fi so a nan.

Akwai kuma kwatanta abin da bai kamata a kwatanta ba. "My farm is bigger than him" tana auna gona da mutum. Gona da gona ake nufi, don haka siffar mallaka ake bukata: "bigger than his". Haka "than hers", "than ours", "than theirs", kuma babu ɗayansu da ke ɗaukar alamar ɗauri a gaban "s". Hausa ta fi kiyaye wannan, domin ba mai cewa "gonata ta fi shi girma" yana nufin "ta fi tasa". Idan suna ne, sai a kawo "that of" ko "those of": "The weather of Jos is cooler than that of Sokoto". In an cire "that of", an kwatanta yanayin Jos ne da garin Sakkwato kansa.

Idan wata kalma irin "for" ko "to" ta riga ta shigo ɓangaren farko, maimaita ta yana kashe shakka: "It is harder for them than for us", "She writes to him more often than to me".

Tasirin "fi" yana haifar da wani kuskure da ake yawan ji a Turancin Nijeriya, wato a yar da "more" a bar "than" ita kaɗai, kamar "He has money than me". Tunda a Hausa kalma ɗaya ce ke ɗauke da dukkan nauyin kwatancin, sai mai magana ya ɗora wa "than" wannan nauyi. A Turanci "than" ba ta tsayawa sai da "more" ko "less" ko wata kalmar kwatanci, kamar sifa mai "-er", a gabanta: "He has more money than I do".

Sai rukunin sifofin da Turanci ya aro daga Latin: "senior", "junior", "superior", "inferior", "prior". Waɗannan ba sa ɗaukar "than" kai tsaye, "to" suke ɗauka, kuma tunda "to" ba a gardama a kanta, karɓau ne ke bin ta. "She is senior to me", ba "senior than I" ba, ba kuma "more senior to me" ba. Aikatau ɗin "prefer" ma haka: "I prefer him to her". A ofisoshin gwamnati, inda batun wane ne gaba da wane ke yanke hukuncin ƙarin girma, "He is senior than me" tana fitowa a takardun koke fiye da kima, kuma gyaranta shi ne "He is senior to me by two years".